Munduwar Mai Dodon-Koɗi

Ni ne Grozdan, wanda aradu ta faɗa wa a kan dutse, ta ƙone masa takalmi ta bar shi tsaye. Duk wanda ya san ƙauyukan saman Kotel ya san ni, wanda bai san ni ba kuwa ya ci cukuna bai sani ba. Aji biyu na yi a makaranta ubana ya zo ya cire ni, don tumaki sun fi malamin bukatata. Rubutun nan a soja na koye shi, saboda haka kada wani ya nuna mini inda ya karkace. Na haura tamanin. Ramin jirgin ƙasa ya rufta a kaina na fito. Kyarkeci ya kama ni a cinya, shi ya mutu ni na rayu. Lokacin da gwamnati ta tattara dabbobin mutane ta ce na kowa ne, ni na ɓoye baƙaƙen tumakin gidanmu a wani kwari har gwamnatin ta mutu ta bar su. An tsaga mini ƙirji an ɗinke, likitan da ya tsaga ɗin ma da ni aka raka shi makwancinsa.

Na faɗi wannan ne don ku san ba ƙaramin mutum ba ne wata 'yar munduwar roba ta wulaƙanta a Plovdiv.

Gwiwoyina ne suka ci amanata. Da kakar bara na faɗi a bayan dutse na kasa tashi, ina kwance tumaki na kewaye da ni har aka hau aka nemo ni. Tun daga ranar 'yata Nevena ta sa ni gaba. Aikin jinya take yi a birni, kuma bakinta irin na uwarta ne, ba ya zagaye.

"Baba, ba zan sake hawa dutse ina kiran sunanka kamar mahaukaciya ba," in ji ta. "Na yi magana da mahauci. Ko ka samo wanda zai karɓi garken nan da ransa kafin idin Waliyyi Giyorgi, ko ya zo da motarsa ya kwashe su duka. Ka ji na gaya maka."

Idin nan farkon watan Mayu ne, lokacin da kowane gida ke neman ɗan rago na yanka, mahauta kuma na yawo kamar ungulaye. Tumakina kuwa ba na yanka ba ne. Ƙanana ne, baƙaƙe wuluk, gashinsu kaushi kamar igiya, nononsu kaɗan amma in ka tsaya cokali a kindirmonsu ba ya faɗuwa. Suna kwana cikin dusar ƙanƙara su tashi su karkaɗe jiki su kama kiwo. Kakan kakana ya kiwata su. A sanina, masu irinsu tsantsa ba gauraye yanzu ba su da yawa, kuma duk tsofaffi ne irina. In mahauci ya kwashe nawa, shi ke nan, jinin gidanmu ya tafi cikin tukunya.

Na tambayi duk wanda na sani. Matasan ƙauye sun tafi Jamus tsintar aiki, waɗanda suka rage kuma fararen tumaki suke so, masu nono kamar famfo, masu tari da an buɗe ƙofa.

Nevena, duk da bakinta, ba ta da mugun ciki. Ita ta ji labarin wani taro da za a yi a wani otal a Plovdiv, na manoma da makiyaya da masu saye, inda ta ce na'ura ce ke haɗa mutum da wanda yake nema. Wata Lahadi ta zaunar da ni a madafa tana ta tambayata tana danna waya, me kake da shi, me kake nema, wane iri, guda nawa. Ni na ɗauka duk don a ba ni izinin shiga ne, kamar yadda ake yi a kowane ofis.

Ranar taron ta faɗo ɗaya ga Maris, ranar Kaka Marta. Tun da asuba maƙwabciyata ta cika mini aljihu da martenitsa, zaren ulu ja da fari da ta murɗa da hannunta. Kowa ya san ƙa'ida: ba ka saya wa kanka, wani ke ɗaura maka don lafiyar shekara, kai ma ka ɗaura masa, ka bar shi a hannu sai ka ga shamuwa ta farko. Kuma ba a karɓa a tsaya da hannu wofi, sai marar tarbiyya. Na ɗaura wa direban bas, na ɗaura wa wata tsohuwa mai kaji da ta zauna kusa da ni, na ɗaura wa Nevena da ta tarye ni a tasha, da mai gadin otal, da wasu mata biyu masu shara da suka gane ni ɗan dutse ne suka tare ni. Ni ba na rowa.

Nevena ta kai ni bakin ƙofa ta ce ita tana da aiki, sai la'asar za ta dawo.

"Baba, don Allah ka saurari abin da za su gaya maka. Kada ka fara labarin kyarkeci."

"Wa ya tambaye ki?"

A teburin shiga akwai wata mata mai gajeren gashi da tabarau. Ta tambayi sunana, ta ɗauko munduwa daga cikin kwando, ta goga ta a jikin wata na'ura, ta ɗaura mini. Roba ce mai laushi, da wani ɗan ido kamar na kifi a tsakiya, rabi ja rabi fari. Ta ce saboda ranar suka yi su haka. Duk iri ɗaya ne a kwandon, babu suna babu lamba a jiki.

"Kaka, in ka matsa kusa da wanda bukatarku ta zo ɗaya, za ta yi karkarwa ta kawo koriyar wuta, tasa ma haka. Ku yi magana. In kun daidaita ku haɗa munduwa da munduwa, lambarsa ta tafi wayarka, taka ta tafi tasa. Na gaba!"

"Tsaya, 'yata. Ta yaya za ta san abin da nake so?"

"Ta sani, Kaka. Na gaba!"

To, ta sani. Na ce a raina kunne ke gare ta, tana jin abin da mutum yake faɗa. Me kuma zan ce? Ai wayar Nevena ma ana yi mata magana ta amsa. Na ciro martenitsa ta ƙarshe na ɗaura wa matar, ta yi dariya ba ta ko ɗago kai ba.

Zauren ya fi filin kasuwarmu girma. Babu kujera ko ɗaya, sai wasu dogayen tebura masu ƙafa guda kamar zalɓe. Mutane cike, kowa na tafiya a hankali da hannu a gaba yana kallon tsintsiyarsa kamar wanda ƙudan zuma ya harba. Ban yi nisa ba na ji an buga mini kafaɗa.

"Kai! Ashe ƙasa ba ta karɓe ka ba har yanzu?"

Dobri ne. Tare muka yi soja a rundunar haƙa, tare ramin nan ya rufta mana, kuma ni na jawo shi ta ɗamara daga ƙarƙashin katako yana kiran uwarsa. Rabona da shi tun bikin 'yarsa. Ya yi tumbi, kai ya yi sanƙo tas, amma ƙafafunsa lafiya lau, har rawa yake yi a tsaye.

"Ƙasa na jiran ka fara shiga ka ɗumama mini wuri," na ce. Muka rungume.

"Har yanzu kana bin awakin shaiɗan ɗin nan naka?"

"Tumaki ne, jahili. Kai fa? Na ji an ce ka sayar da shanu."

"Tuni! Dodon-koɗi nake kiwo yanzu."

"Me?"

"Dodon-koɗi, kurma. Italiyawa na ci, suna biya. Ba ya gudu, ba ya harbi, ba ya tashe ka da dare. In ya tsere da safe, da yamma ka same shi bakin ƙofa."

Na yi dariya har ƙirjina ya yi zafi a wajen ɗinkin. "Soja guda, da gashin baki, kana kiwon majina mai ƙoƙo!"

"Yi dariyarka. Miƙo hannu, tsohon banza."

Ya ciro martenitsa mai kyau, mai tuntu biyu, ya ɗaura mini yana cewa in yi ja in yi fari, in kai baɗi. Na sa hannu a aljihu. Wayam. Na duba ɗayan. Wayam. Dobri na tsaye da hannu a miƙe yana murmushi, ya ga abin da ake ciki, yana jira in ji kunya. Ni Grozdan, a gaban mutumin da na jawo ta ɗamara.

Sai idona ya faɗa kan munduwar. Ja da fari ce. Wani ne ya ɗaura mini, ban saya ba. Me ya rage mata? Na ɓalle ta na ɗaura masa.

"Ga tawa. Ta zamani ce, har wuta take yi. Ka yi ja ka yi fari, ka riga dodon-koɗinka isa gida."

Ya ƙyalƙyale. "Shege! To kai fa? Za su ce ta taga ka shigo. Riƙe tawa, ai duk ɗaya ne." Ya ɓalle tasa ya ɗaura mini.

Sannan ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Yanzu ku gaya mini, ku da kuke karatu, wane namiji ne zai tsaya gaban abokin sojansa, wanda ke tsalle kamar ɗan akuya, ya ce gwiwata ta mutu, 'yata ta kira mahauci, na zo roƙon wanda zai karɓi garkena? Akwai maganar da ake yi da baƙo, akwai wadda ake yi da Dobri.

"Kallo na zo," na ce. "Nevena ce ta matsa in ga duniya. Ni da tumakina sai mutuwa. Bana ma ni zan hau da su, da ƙafata. Ko tunkiya ɗaya ba mai raba ni da ita."

"Haka nake son ji," in ji shi. Ya ce zai je ya nemo Italiyawansa, mu haɗu anjima mu jiƙa maƙogwaro.

Bai daɗe da tafiya ba hannuna ya kama karkarwa. Koriyar wuta! Na ce to, an zo wurin. Wani siririn mutum mai takalmi mai tsini ya taho yana nuna mini tasa, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kai nake nema tun safe! Ina saya wa gidajen abinci a Milan. Naka da rai kake turawa ko a daskare?"

"Da rai! Abin da ya kawo ni ke nan. Wanda zai yanka ba na so."

"Madalla. Kana wanke musu ciki kafin ka zuba a buhu?"

"Buhu? Wane irin buhu ne zai ɗauki tunkiya?"

Ya dube ni, ya dubi munduwarsa. "Ba kai ne mai dodon-koɗi ba?"

"Ka dube ni da kyau. Na yi kama da mai dodon-koɗi?"

Ya ba da haƙuri ya zame. Na ce to, abar nan ta ji muna hirar dodon-koɗi da Dobri ne ta riƙe. Laifina, na yi surutu a gabanta. Sai na kai ta bakina na gaya mata a fili, yadda ake gaya wa sabon kare: tumaki, baƙaƙe, na dutse, mai kiwo nake nema.

Ta sake karkarwa. Wata mata ce mai ƙamshi kamar kantin turare. Ta ce man shafawa take haɗawa, yauƙin kawai take so, ko ina da injin tatsa ko da hannu nake yi. Na ce 'yata, na tatsi tunkiya cikin ƙanƙara yatsuna na daskarewa, amma yauƙi ban taɓa tatsa ba kuma ba zan fara da furfura ba. Bayan ita wani ya zo da ragar da ke hana su hawa katanga. Bayansa wani mai sayar da irin ganyen da suke ci. Hannuna bai huta ba, sai ka ce zazzaɓi ya kama shi. Ashe duniya cike take da masu neman dodon-koɗi, ni ban sani ba.

Da na ga haka na ce bari in yi yadda aka saba tun kafin a haifi mai munduwar. A kasuwar dabbobi kana ganin mutum ka san shi. Ka dubi takalminsa, ka dubi tafin hannunsa, ka dubi yadda yake tsayuwa. Na hango wani mai faɗin kafaɗa da fuskar da iska ta dafa, na je na yi masa sallama.

"Ɗana, daga ina? Kana kiwo?"

Bai dubi fuskata ba. Ya dubi hannunsa, ya ga babu wuta, ya ce, "Yi haƙuri, Kaka, ba mu dace ba," ya wuce.

Ba mu dace ba! Ko aure na zo nema? Na gwada wani, haka. Na gwada wata, ta ɗaga mini tsintsiyar hannu kamar mai nuna wa yaro babu alewa. Mutum cike da zaure, kowa da baki da kunne, amma ba mai jin ta wani sai roba ta ba shi izini. Wani ma da na riƙe wa hannun riga ya ce mini lokacinsa ƙididdigagge ne, akwai kore uku suna jiransa.

Rana ta yi tsaka. Gwiwoyina sun fara kuka, ba wurin zama. Aka fito da abinci, wasu 'yan gutsattsarin banitsa, wainarmu mai cuku a ciki, kamar farcen babban yatsa, kowanne an soke shi da tsinken sakace. Na ci bakwai ko takwas ban ji komai ya sauka ba. Cukun da ke ciki kuwa, in karena aka ba wa zai dube ni ya tambayi laifin da ya yi. Na jingina da bango, na dogara da sanda, munduwar na ta rawa, ni kuma duk wanda ya doso da murmushi sai in ce masa tun daga nesa, "Babu! Sun ƙare! Sun gudu!"

A nan ne na fara tunanin motar mahauci. Na san ta, fara ce mai keji a baya, tana wuce ƙofata duk bazara. Na ga yadda za a tura su ciki suna turjewa, don nawa ba su taɓa shiga mota ba.

Da rana ta fara karkata na ce ya isa. Na koma teburin shiga, na buga sanda a ƙasa har kwandon ya yi tsalle.

"'Yata, abin nan naku mahaukaci ne. Tun safe yake turo mini masu cin majina."

Mai tabarau ta kama hannuna ta goga munduwar a na'ura. "Ai daidai take aiki, Baba Dobri. Kiwon dodon-koɗi, kana neman masu saye daga waje."

"Wa ye Dobri? Ni Grozdan ne!"

Ta cire tabarau ta dafe goshi. "Wayyo Allah. Kai ma? Kaka, ba ka musanya da wani ba?"

"Na ɗaura wa abokina, ya ɗaura mini. Yau wace rana ce?"

"Ba a musanyawa! Duk abin da 'yarka ta rubuta yana cikin waccan. Sunanka, tumakinka, komai. Kai ne na nawa yau, duk tsofaffi. Akwai wata da ta ɗaura wa jikarta ta tafi da ita gida."

"To laifin wa? Ku da kuka yi karatu, ku rasa ranar da za ku yi abu ja da fari ku ɗaura wa mutane sai ɗaya ga Maris, sannan ku ce kada a ba wa kowa? Da kun yi shi baƙi ko shuɗi wa zai taɓa? Kin gaya mini sunana na ciki? Na tambaye ki, kika ce na gaba!"

Ta mayar da tabarau. Ta danna na'urarta, ta ce tawa ta kawo wuta sau ɗaya tak yau, da mutum ɗaya, kuma sun daɗe tsaye tare, amma ba a haɗa munduwa ba.

"Wa ye? Ba ni sunansa."

"Ba zan iya ba, Kaka. Sai in an haɗa. Doka ce."

"Kina ganin sunan?"

"Ina gani."

"Yana gabanki, ni ina gabanki, garke guda zai tafi mayanka, ki ce doka?"

"In na ba ka, aikina ne zai tafi. Nemo abokin naka, shi ya ga mutumin."

Na samu Dobri a tsakar gidan otal, bayan madafa, zaune kan akwatin lemo da 'yar kwalbar barasar gida a hannu. Da ya gan ni ya ɗaga munduwar.

"Kai, matacciya ka ba ni! Tun safe ko Ba'italiye ɗaya. Sau ɗaya ta yi motsi, shi ma wata mata ce ta zo tana mini zancen tumaki."

Na matso kusa da shi. "Me ta ce?"

"Wai ta gaji filin kiwo a saman duwatsun Rodopi, wajen kakanta, ta daɗe tana neman baƙaƙen tumaki na asali, garke guda take so. Na ce 'yata, ni dodon-koɗi gare ni, amma na san mai su, duk ƙasar nan ba kamar nasa."

"Sai?"

"Sai na gaya mata gaskiya, kada ta ɓata lokacinta. Na ce mutumin nan da bakinsa ya ce mini yau ko tunkiya ɗaya ba mai raba shi da ita. Har na yabe ka, na ce dutse ne."

Ban san lokacin da sandata ta tashi ba. Ya kauce, ta sami akwatin.

"Wawa! Jakin soja! Da na sani na bar ka a ramin nan! Ita nake nema! Ita ta kawo ni!"

"To me ya sa ka ce mini kallo ka zo?"

"Kai aka gaya wa, ba ita ba! Ba ka san maganar da ake yi wa aboki ba? Ka ga mutum da sanda yana jan ƙafa, ka yarda zai hau dutse?"

"Ni na san ka da ƙarya ne? Shekara nawa kana cewa aradu ta faɗa maka, ina yarda!"

"Ta faɗa mini!"

Ya tsaya yana kallon gwiwoyina. Fuskarsa ta canja. Ya ajiye kwalbar. "Doguwa ce, takalmin roba duk taɓo. Ta ce za ta tafi da wuri kafin hanyar dutse ta daskare. Koriyar akori-kura. Taho!"

Ya ruga, ni ina biye ina jan ƙafa ina zaginsa. Da na iso wurin ajiye motoci na same shi tsaye gaban motar ya buɗe hannuwa, tumbi a gaba, matar ta leƙo da kai tana tambaya ko ya haukace.

"Ga shi nan! Ga mai tumakin! Ƙarya ya yi mini, gurgu ne, ba ya iya hawa ko matakala!"

Ta fito. Ba za ta wuce arba'in ba. Na dubi hannunta, duk tsaga, farce a karye. Da a kasuwa na gan ta da ban bar ta ta wuce ba. Ta ce sunanta Boryana. Na gaya mata komai a tsaye, gwiwa, Nevena, mahauci, idi. Ban ƙara ban rage ba. Ta tambaye ni ƙahon raguna, na kwatanta mata. Ta tambayi ko na taɓa sa baƙon rago a ciki, na ce sai dai in an sa bayan raina. Ta rufe ido ta jingina da mota.

"Baba Grozdan, da ka zo kafin azahar."

"Ai ina nan tun safe! Ina can jikin bango ana tambayata yauƙi!"

"Na wuce ka, ina jin. Na ga wani dattijo da sanda irin ta makiyaya, har na yi kamar in tsaya. Na dubi hannuna, babu wuta." Ta yi tsaki, ba ni ta yi wa ba. "Da abokinka ya gaya mini haka, sai na haƙura. Dole dabba ta hau makiyayar nan bana, in ba haka ba ciyawa ta cinye ta. Na daidaita da wani mai farare. Mun tafa."

"A takarda?"

"Hannu da hannu."

"To ki je ki ce kin fasa. Farare! Sanyin farko za ki kwana kina ba su magani."

"Na sani. Amma kai, in ka ba mutum hannu, kana karɓewa?"

Nan ta kama ni. Ban taɓa ba. Da ta ce za ta fasa ma, da na fara shakkar ba ta garkena.

Dobri ya ce, "To ki haɗa duka mana."

"Ciyawar ba za ta ɗauka ba, kuma ni kaɗai ce da mijina." Ta murza makullin mota a hannu. "Akwai tsohon shingen kakana can gefe, da 'yar maɓuɓɓuga. Zai ɗauki rago ɗaya da tumaki ashirin, in ware su kada su gauraya. Iyakar abin da zan iya ke nan. Kai ka zaɓa, ka fi ni sanin su."

Ashirin. Garkena ya haura ɗari.

Dobri ya ɓalle munduwata ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ina karɓa ta kama rawa, tata ma ta kama, kore shar, muna tsaye hanci da hanci mun riga mun gama magana. Muka haɗa su don lambarta ta je wayar Nevena, sannan na miƙa mata hannu muka tafa yadda mutane ke yi.

Nevena ta ce ashirin sun fi babu. Na ce mata na iya lissafi, aji biyu ma sun isa wannan. Na roƙe ta ta ƙara mini shekara guda in nemi mai karɓar sauran, ta ce wa zai hau da su, ta fara kuka, na bar maganar. Na kira mutum biyu da na ji labarinsu, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ce shi ma nema yake.

Asabar mai zuwa Boryana za ta zo da motarta. Ragon ban sha wahala ba, wanda nake kira Sarki ne, kowa ya gan shi ya san shi ne. Tumakin ne wahalar. Ina shiga shinge da gwangwanin jan fenti in ɗiga wa wadda za ta rayu a ƙeya. Hankali ya ce in zaɓi matasa masu haƙori, masu haihuwa a gaba. Na yi hakan. To amma akwai Gwauruwa, wadda ke jan garke, ta san kowace hanyar ruwa, ta tsufa ba ta ƙara haihuwa. In ba ita, wa zai nuna wa matasan yadda ake juya wa iska baya? Na ɗiga mata, na goge, na sake ɗigawa. Akwai 'yarta mai farin tabo a kunne, wadda tabon ya sa nake shakkar jininta ko da yake na san ubanta. Akwai wata 'yar ƙarama da na raina a madafa cikin kwando, wadda ke bina har bayi.

Na ɗiga wa goma sha tara. Fentin ya fara bushewa a gwangwani, jiya sai da na ƙara masa kananzir. Da na buɗe ƙofar shinge dukansu ke tahowa, masu ja da marasa ja, suna tura mini baki cikin aljihu neman gishiri.